Yadda Za Ka Sa Mai Lanho Ya Ga Butikinka Cike Alhali Ba Komai Ciki

Gyara zama ka saurara, don abin da zan koya maka ba a lekol, wato makarantar boko, ake samun sa ba. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari mai auna shaguna zai shigo wurinka, ya dubi kantocin da ko ɓera ya daina zuwa gaishe su, ya fita yana kiran ka babban ɗan kasuwa, ya kuma ɗora maka lanho, wato haraji, mai nauyi. Abin da kake nema ke nan, kuma za ka samu. A gaban idona hanyar ta yi aiki, a layinmu na bayan Katako.

Na san abin da ke ranka: wane mai hankali ne zai roƙi hukuma ta ƙara masa haraji? Ni ma shekara goma sha ɗaya na yi ina koya wa mutane akasin haka. Ni ne Isaka, wanda ke mayar da butiki mai siminti da lantarki ya zama kamar akurkin kaji cikin rabin yini, kuma ban taɓa karɓar komai ba sai goron da aka ba ni. To, a shekarar da damina ta sake ƙin zuwa, soji na kan mulki, sai labari ya zagaya cewa magazar gwamnati, wato rumbunta na abinci, za ta riƙa ba ƴan kasuwa hatsi su sayar a farashin hukuma. Amma ba kowa ba. Sai wanda takardarsa ta patanti, wadda ake ba ka in ka biya lanhon wurin sana'a, ta nuna aji na uku ko sama da haka. Mu kuwa duk layin, albarkacin wahalar da na sha a kanmu, aji na shida muke, na can ƙasa, tare da masu gyaran fitila.

Misalin da zan riƙa kawo maka shi ne maƙwabcina Halidu, mutumin wajen Dogon Dutse, mai sayar da gishiri da sabulu da ashana. Butikinsa na gaba, gidansa na baya, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Tun da dabbobin ƙauyensu suka ƙare, mutum goma sha huɗu suka sauka a farfajiyar gidan nan, ban da shi da matarsa Salamatu. Yawanci mata ne da yara, babbarsu kuma Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsa. Tiya ɗaya ta hatsi suke rabawa a yini, ran da aka samu. In Halidu ya hau aji na uku za su ci. In bai hau ba, ban san abin da zai faru ba, shi ma bai sani ba.

Mataki na 1: Ka san abin da ake aunawa

Mai lanho ba cinikinka yake aunawa ba. Ba ruwansa ko ka yi sati ba ka sayar da kwalin ashana ba. Tambaya ɗaya ce a kansa: in aka kore ka yau, aka ba wani hayar wurin nan, nawa zai biya? Daga amsar yake yanke ajinka.

Don haka ƙofa yake fara dubawa, ko kwalta take kallo ko lungu. Sai ya ja igiyar awo a faɗin gaban. Sai ya ɗaga kai ya ga rufin tol ne, wato kwano, ko zana, ya buga ƙafa ya ji daɓen siminti ne ko ƙasa, ya nemi wayar lantarki a bango. Daga ƙarshe ya dubi kaya, don a ganinsa ba wanda zai riƙe wuri mai tsada ya bar shi fanko.

Namu sunansa Mushe Sumana, wato Malam Sumana a bakin ƴan lekol, Bazabarme ɗan Yantala, dogo, da ɗan babur mobileti, da kaye, littafin rubutunsa mai baƙin bango, da alƙalamin bik biyu a aljihun gaba. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya fara daga gabashin layi ya ƙare a yamma. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera, ba ta da wutsiya. Ba ya karɓar na goro, domin wanda ya riƙe aikin kafin shi ya karɓa, kuma har yau ana gardamar ko wane gari aka tura shi. Kada ka gwada.

Mataki na 2: Ka warware duk abin da na koya maka a baya

In kana cikin waɗanda suka bi shawarata ta da, akwai aiki a gabanka. Zanar da ka shimfiɗa a kan tol don ya ɓoye, sauke ta. Ƙasar da ka zuba a kan siminti, kwashe ta, ka wanke daɓen ko da ruwan alwalarka ne. Wayar lantarkin da ka shafe da laka, tono ta. Ba dole ba ne a ce akwai wuta a cikinta, kallon ta kawai za a yi.

Halidu nasa ya fi tsanani, don shekara uku kafin nan na sa ya toshe ƙofarsa mai kallon kwalta da tubali, ya fasa ƙarama ta gefen lungu. Wannan dabara kaɗai ta sauke shi aji biyu a lokacin, kuma na yi wata guda ina ba da labarinta. Yanzu ga shi tsaye da guduma yana kallona.

“Isaka, wagga ƙofa kai ka ce in toshe ta.”

“Ni ne.”

“Yanzu kuma kai ka ce in hwasa.”

“Wancan zamanin farar hula ne, Halidu. Fasa.”

Tubalin da ya fito, kada ka zubar. Ka toshe ƙofar lungun da shi. Butiki mai ƙofa a lungu, ko yaya gabansa yake, kamar na mai jin kunyar kayansa ne, kuma mai lanho yana lura. Ka bar ƙofar kwalta, da ta cikin gida, shi ke nan.

Mataki na 3: Kwali da gwangwani

Ka bi bayan manyan kantuna na cikin gari ka tsinto kwalayen da suka jefar: na sukari, na madara, na tumatir. Ka liƙe bakunansu, ka jera su daga saman kanta zuwa ƙasa, rubutun yana kallon ƙofa. Gwangwanayen da aka sha, ka kife su, buɗaɗɗen gefen ya koma ƙasa. Kayan gaske da suka rage maka, ko sabulu uku ne, ka sa su daidai inda hannun mutum zai kai.

A kowane kwali ka jefa dutse. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne. Hamisu mai kananzir, ɗan layinmu, ya raina maganar, ran gwaji kuwa da muka kunna fanka sai kwalin sukari shida suka taso suka bi iska har bakin titi. Wata mata mai wucewa ta tsaya tana kallo, Hamisu ya ce mata sabon sukari ne na Turai, mara nauyi. Ta ce a auna mata na dala biyar.

Mataki na 4: Buhuna

Wanda ke son a ba shi hatsi dole ya nuna ya saba da hatsi. Hukuma ba ta son ba mutum abin da ba shi da shi.

Ka yi hayar amalanken jaki ka gangara bakin kogi. Ruwa ya ja baya sosai, yashi kyauta ne, shi kaɗai ne abin da bai ƙara tsada ba. Ka je da tsakar rana lokacin da kowa ya fake wa zafi. Ka cika buhunan hatsi na da, ka bar kamu ɗaya daga sama, ka naɗe bakin ya yi kyau. A kan yashin ka shimfiɗa takardar buhun siminti. A kan takardar ne hatsi zai zauna, zurfin yatsa uku.

Yanzu ka kula da adadi, don a nan wuyan mutum yake. In buhunanka ba su kai takwas ba, kai talaka ne, ba za a ba ka ba. In sun wuce goma sha biyar, kai mai ɓoye abinci ne, kuma masu kaki suna da hanyar magana da irinka. Wani a layin gaba da namu, buhu aka ɗora masa a ka ya zagaya kasuwa da shi sau uku cikin rana, nasa kuwa hatsin gaske ne. Ka yi tunanin a ɗora maka na yashi. Goma ya isa: tara a buɗe, na goma a ɗaure, ka zauna a kansa kamar ba ka damu da shi ba.

Mataki na 5: Kada ka yi kai kaɗai

Ba mai butiki ɗaya a layinmu da zai iya fito da hatsin rufe bakin buhu tara. Saboda haka muka yi gayya, mu bakwai. Kowa ya kawo tiya ɗaya daga bakin iyalinsa, ni da wani muka kawo bibbiyu, ya zama tara. Muka haɗa da sikeli ɗaya mai kyau, da fanka ɗaya, da agogon bango wanda ya tsaya a ƙarfe huɗu amma yana da fuska.

Yashi kowa da nasa, don ba ya ɗaukuwa. Hatsi da sikeli da fanka da agogo su ne matafiya. Da zarar Mushe Sumana ya fita daga butiki na ɗaya, sai mai butikin ya tsare shi a benci da shayi, wasu kuma su kwashe hatsin a babbar roba, su rufe da tsumma, su bi ta bayan gidaje zuwa na biyu. Shayi zagaye uku ne, kuma Bazabarme mai mutunci ba ya tashi a na biyu. Mun auna, lokacin yana isa har da share ƙasa.

Halidu ne na shida a layi, ni ne na bakwai, na ƙarshe. Tsakaninsa da ni ba ma buƙatar shayi, don mun lissafa sallar azahar za ta faɗo daidai nan. Wanda zai kwashi hatsin zai rasa jam'i, amma Allah ya san halin da ake ciki.

Abu ɗaya: a kowane kwashewa ɗan yashi yana bin hatsin, komai kulawarka. Kada ya dame ka, ba ci za a yi ba.

Mataki na 6: Kada mutanen gida su sani

Abin da mace ɗaya ta sani da safe, layin famfo ya san shi kafin hantsi, kuma a layin famfo akwai matan masu kaki. Wannan ne dalilin da na ba Halidu. Shi kuma yana da nasa, wanda bai faɗa ba sai da na matsa.

“Isaka, wata biyu ke nan Gwaggo tana cewa azumin nafila takai. Litinin azumi, Talata azumi, Laraba azumi. Rabonta take tura ma yara, ta ɗauka ban gani ba. Ƙaƙa zan bari ta ga hatsi cikin gidana, in ce mata na kallo na?”

Na ce to ka ga, dalilinka da nawa sun haɗu. Ka sa kwaɗo a ƙofar da ke tsakanin butiki da gida, ka buɗe ta kawai lokacin shigo da kaya da fitar da su. In sun ga maza na wucewa ta farfajiya da roba a rufe, ka ce kayan gyara ne. Mutanen da ke zaune a gidan wani ba sa yawan tambaya.

Na yi alfahari da kwaɗon nan ƙwarai, ni na ba shi aro. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙofar kwalta ma ƙofa ce, kuma ba a hana kowa zagayowa ta titi ba.

Mataki na 7: Ranar awo

Ka sa rigarka ta Juma'a. Kada ka yi fara'a da yawa, mai arziki ba ya murna da mai lanho. In ya tambaye ka kasuwa, ka ce alhamdu lillahi da muryar wanda ke ɓoye riba. Ka kuma tanadi mai saye na ƙarya wanda zai tsaya yana taya buhu yana ƙorafin tsada. A butikin Halidu ni ne mai sayen, kuma ba don yabon kai ba, na taka rawar gani.

Komai ya tafi daidai. Mushe Sumana ya jingine mobileti, ya gaishe mu da harshensu, “Fofo,” ya ja igiya, ya buga ƙafa, ya ɗaga kai. Ya dubi agogo, ya dubi na hannunsa. Ya ciro bik.

Sai muka ji sallama daga bakin titi. Gwaggo Yelwa ce, da kwanon sha a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Tun zuwanta birni ba ta taɓa taka butikin nan ba, tana ganin wurin maza ne. Amma ta ji ƙarar mobileti, ta ji muryar baƙo ta bayan ƙofa, ta jira ta ji an nemi ruwa ba a nema ba. Ta taɓa ƙofar ciki ta ji ta a kulle, shi ne ta ɗauki sandarta ta zagayo ta lungu.

“Halidu, haka birni ya koya maka? A yi baƙo cikin wagga rana, ba a ba shi ruwa ba? Sannu da zuwa, ɗana. Ungo.”

Mushe Sumana ya sa bik a aljihu, ya rusuna ya karɓa da hannu biyu. Yana cikin sha idonta ya saba da duhun ɗakin, ta ga buhunan.

Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ba ta tambayi Halidu komai ba, ba ta yi fushin an ɓoye mata ba, wannan tunanin ma bai zo mata ba. Ta jefar da sandar, ta isa ƙofar cikin nan mai kwaɗo, ta buga ta da tafin hannu.

“Salamatu! Salamatu! Ku aza tukunya, babbar! Hatsi ya zo! Allah ya dubi Halidu!”

Daga bayan ƙofar wata ta rangaɗa guɗa. Muka ji gudun yara, muka ji an kifar da wani abu, muka ji ana jan turmi.

A nan ya kamata in gaya maka abin da za ka yi a irin wannan hali. Ban sani ba. Ni dai na ci gaba da riƙe bakin buhun da nake tayawa, Halidu kuma yana zaune a kan na goma kamar an dasa shi.

Mutumin ƙauye ba ya yarda da hatsi sai ya tsoma hannu a ciki. Gwaggo ta dawo, ta sunkuya a kan buhun farko tana ta sa albarka, ta tura hannunta. Na ji ƙarar takardar siminti ta yage. Hannun ya ƙara nutsewa kaɗan, ya tsaya. Addu'ar ma ta tsaya.

Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta juya kai ta dubi Halidu, ta dubi kwalayen da ke kanta, ta dubi baƙon da kayensa a buɗe. Ba ta yi lekol ba, amma na ga lokacin da ta gama karanta komai.

Mushe Sumana ya ajiye kwanon. “Inna, hatsi mai kyau?”

Ka tuna zamanin da ake ciki. Yi wa hukuma ƙarya a kan abinci ba maganar tara ba ce. Kalma ɗaya daga bakin tsohuwar nan, Halidu ya rasa aji, ya rasa butiki, wataƙila ya kwana inda ba a kai wa mutum tabarma.

Ta zaro hannunta a dunƙule, ta sa shi cikin zane, da ɗayan ta shafe wurin ya koma sumul.

“Mai kyau na, ɗana. Har gindin buhu.”

Ta ɗauki kwanonta, na miƙa mata sandarta, ta fita ta ƙofar titi a hankali. Mushe Sumana ya yi rubutu.

“Bon. Halidu, bana ka yi arziki. Aji uku. Takarda, wata ɗaya.”

Ladan ya kira azahar.

Mataki na 8: In za ka ratsa farfajiya, kada ka dubi kowa

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi a rubuce. Mai butiki zai raka mai lanho masallaci. Kai za ka kwashe hatsin a roba, ka rufe da tsumma, ka buɗe kwaɗo, ka ratsa gidan zuwa lungu, ka shiga butikinka ta baya. Ba za ka bi ta titi ba, don masallacin yana kallon layin, kuma mutumin yana tsugune a bakinsa yana alwala. Daga ƙofar ciki zuwa ƙofar lungu ta gidan taku goma sha ɗaya ne, na auna tun da safe. Ka sa idonka a kan ƙofar lungun, ka tafi.

Na kwashe tas, na ɗauka, na buɗe.

Babbar tukunya tana kan murhu, ruwan har ya fara tururi. Itacen da suka yi sati suna tattali duk an tura shi ƙarƙashinta. Salamatu ta wanke turmi, mata biyu na tsaye da taɓare. Yaran kuwa sun jeru a gindin bango, sun riga sun wanke hannu, alhali ko surfe ba a fara ba.

Gwaggo Yelwa tana zaune gefe a kan tabarma. Ba ta gaya musu ba. Ta dubi robar, ta dube ni, ta san ta wace hanya za ta bi. Sai ta ɗaga murya.

“Ku ba Isaka hanya. Kayan mutane na.”

Yaran suka janye ƙafafunsu don in wuce. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya tambaya. Da sun yi kuka da na wuce, na saba da kukan yara. Janye ƙafar nan ce ta karya ni. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tausayi, da haushin kaina, ni gwanin dabara da ke ɗauke da abinci a gaban masu yunwa zan kai wa yashi ado.

Na yi taku shida. A na bakwai na sauke robar a gindin turmi.

“Isaka,” in ji Gwaggo, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “ba namu ba na.”

“Na sani, Gwaggo. Nauyi gare shi. Hutawa nake.”

Ta daɗe tana kallona.

“To, huta.”

Kafin in miƙe Salamatu ta yaye tsumman. Na fita ta ƙofar lungu hannu rabbana. Ka ga dai ba hanyar ce ta gaza ba, ni ne na duba.

Mataki na 9: In ka faɗi a mataki na takwas

Za ka tarar da kanka tsaye cikin rigar Juma'a a tsakiyar buhu tara masu buɗaɗɗen baki, kowanne da takardar siminti a kai, ba lokacin ɗaurewa. Ba sikeli, ba fanka, ba agogo, don ba ka da fuskar sake ratsa gidan nan ka ɗauko su. Shawarata ita ce ka cire takardun, ka tsaya da ƙarfinka.

Mushe Sumana ya shigo yana jan carbi. Ya ja igiya, ya buga ƙafa, ya ɗaga kai. Sai ya waiga hagu da dama.

“Ina sikeli? Yau sau shida na gan shi. Mun saba.”

Na ce ya gaji, Mushe.

Ya matsa ya ɗibi yashi ya murza a yatsa. A daidai lokacin taɓare suka fara sauka a gidan Halidu, biyu suna karɓa wa juna, har bangona yana amsawa. Ya tsaya yana saurare, kayen a buɗe a hannunsa. Na ga ya juya shafi baya, zuwa na Halidu. 

“Gidan Halidu ake daka?”

“I, Mushe.”

“Daga buhunsa?”

“Daga buhunsa.”

Ya gyaɗa kai. “To. Mai hatsi ne gaskiya.” Ya mayar da shafin gaba. “Kai kuma?”

“Yashi, Mushe. Na gini.”

“Nawa buhu?”

Na faɗi abin da ya zo bakina. Ya ce ya yi tsada, ya rubuta. “Aji shida. Kala suru, Isaka.” Wato in yi haƙuri. Ya hau mobileti ya tafi.

Da la'asar ƴan gayya suka zo karɓar hatsinsu. Ban yi dogon bayani ba, na kai su ƙofar lungu na ce su leƙa. Huɗu suka leƙa suka juya suka tafi. Hamisu ya zage ni tas, har da kakannina, kuma yana da gaskiya, shi ma yara biyar gare shi. Ya yi wata uku ba ya amsa sallamata.

Takardar Halidu ba ta zo a wata ɗaya ba, sai da ta yi sati biyar. Tiya tarar nan Gwaggo ta ja ta kwana goma sha shida, sauran kwanakin kuma layi ya san yadda ya yi. Ran da buhun farko na gaske ya sauka daga magaza, mutum goma sha huɗun nan duk suna nan, na ƙirga su da idona. Ni kuma, tun da takarda ta ce yashi nake sayarwa, magina suka fara tsayawa suna tambaya. Har yau sana'ata ke nan, kuma ba laifi.

Sanarwa

Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya bi su ne da ƙafarsa. In an kama ka, ban san ka ba, ban taɓa zama a Katako ba, sunan ma da na faɗa na aro ne. Ba ruwana da ƙofar da ka fasa, ko jakin da ka yi haya, ko lanhon aji uku da za ka yi ta biya shekara da shekaru bayan ruwa ya dawo, kamar yadda Halidu ke biya yana harara ta. In kana da tsohuwa a gida mai kai wa baƙo ruwa, wannan tsakaninka da ita ne.

Haka kuma ban ɗauki alhakin haƙoran kowa ba. Hatsin da ya zagaya bakin buhunan butiki shida ba ya rabuwa da yashi, ga ruwan regaya babu, ga yara na jira. Da yammacin ranar Gwaggo ta aiko a kira ni, ta sa aka ajiye mana kwano ni da Halidu, ita ma ta jawo nata. Mu goma sha bakwai muka ci tuwon nan. Ko ta ina a farfajiyar kana jin ƙaras-ƙaras a haƙori, har na yara ƙanana, kuma ba wanda ya tofar.